Yaya Habu da Gardamar Kaset ɗin Shekara

Shekara ashirin da shida ke nan da rasuwar Yaya Habu Funtuwa, amma har yau in watan Disamba ya kama, shi ne mutum na farko da yake faɗo mini a rai. Ba dangina ba ne, ba ma garinmu ɗaya ba. Riyad ce ta haɗa mu a farkon shekarun 1990, lokacin ina direba a wani gida a unguwar Badi'a, shi kuma yana gyaran janareta a wani kamfanin gine-gine. Ya girme ni sosai, shi ya sa nake ce masa Yaya, shi kuwa Sule kawai yake kira na.

A wani shagon kaset muka haɗu a kasuwar Batha, da yammacin wata Juma'a. Ina jujjuya wani kaset a hannu sai na ji an ce da Hausa a bayana, "Ajiye wannan, ɗan'uwa, koke-koke ne kawai a ciki." Na juya na ga wani dogon mutum, baƙin mai duk a faratansa, yana murmushi. Na ce masa ai koke-koken nake so. Ya ce to lallai ina buƙatar magani, kuma maganin yana ɗakinsa a unguwar Malaz. Tun daga ranar ban ƙara yin Juma'a ni kaɗai ba.

Ni abin da nake so shi ne waƙoƙin ƙananan mawaƙan Turai waɗanda manyan kamfanoni ba su san da su ba, samari da jita da murya mai rauni, kamar a ɗakin kwanansu suka ɗauki waƙar. Yaya Habu kuwa kiɗan na'ura ne nasa, wanda sau da yawa babu mai waƙa a ciki, sai bugu mai nauyi da ke maimaita kansa har ka manta inda kake. Yakan ce duk wanda ya yini da injin ya san cewa ƙarfe ma yana da murya. Na ukunmu shi ne Lawal, akawu a ofishin jakadancinmu, wanda yake samun mujallun waje da ke jera kaset-kaset mafi kyau a ƙarshen kowace shekara. Lawal ya yarda da mujallun nan ƙwarai. Yaya Habu kuwa yakan ce marubutansu da ido suke sauraro.

Daga nan al'adar ta samo asali. Juma'ar ƙarshe ta Disamba, bayan an sauko daga masallaci, sai mu taru a ɗakin Yaya Habu, kowa da kaset ɗin da yake ganin ya fi kowane fita a shekarar. Mu ci shinkafar kabsa a faranti ɗaya, a ɗora shayi, a kunna rediyo ƙasa-ƙasa saboda maƙwabta, sannan a shiga gardama. Doka ɗaya ce Yaya Habu ya kafa: ba ka da bakin kushe kaset sai ka saurare shi gaba da baya. Ban tuna shekarar da muka daidaita ba. Muna rabuwa ne kowa yana rantsuwa cewa sauran biyun ba su da kunne, amma a hanya sai ka tarar kana rera abin da ka gama zagi.

Wanda bai yi zaman ƙasar waje da takardar iƙama, wato izinin zama, a aljihu ba zai iya ganin wannan wasa ne. A wurinmu ba wasa ba ne. Duk mako kana cewa "na'am" da "hadir" (an gama) ga kafili, wato ubangidan da zamanka yake hannunsa, ba mai tambayar ra'ayinka a kan komai. A ɗakin nan ne kaɗai nake cewa "ban yarda ba" da babbar murya, kuma a tsaya a saurare ni.

Yanzu nakan ga yara a ƙarshen shekara, wayarsu ce take gaya musu waƙar da suka fi ji, su kuma su watsa wa duniya. Nakan tambayi kaina me Yaya Habu zai ce. Ina jin da farko zai yi tsaki ya ce yaushe na'ura ta zama alƙali. Amma na san shi da son sabon abu. Ba za a jima ba zai karɓi wayar, ya gano cewa duk kiɗan da muke yawon nema a Batha wata da watanni yana cikinta, ya hana kowa sakat.

A shekararsa ta ƙarshe a Riyad ne na lura yana ƙara murɗa rediyo fiye da da, har wani maƙwabcinsa Bamisire ya fara buga bango. In ka yi masa magana daga hagu ba ya juyowa. Da muka matsa masa ya je asibiti, likita ya ce ƙarar janareta ta cinye jin, kuma ba zai dawo ba, sai ma dai kurumtar ta ƙaru. Kamfanin ya ce in kwangilarsa ta ƙare ba za a sabunta ba. Bai yi ƙorafin aikin ba ko sau ɗaya. Abin da ya karya shi daban ne. Da Disamba ta matso sai ya ce mana bana mu yi taron a gidan Lawal, ban da shi.

"Me kurma zai ce a gardamar kiɗa?" in ji shi.

Ba mu je gidan Lawal ba. Ranar muka zo Malaz da kabsarmu kamar kullum. Ya buɗe ƙofa yana ɓata rai, ya zauna can gefe ya jingina da bango. Lawal ya ciro lasifika ɗaya daga jikin rediyon, ya kwantar da ita a kan darduma kusa da Yaya Habu, ya saka wani sabon kaset ɗin kiɗan na'ura da ya sayo dominsa. Sannan ya kama hannun Yaya Habu ya ɗora a kai.

Na ga yadda fuskarsa ta sauya. Ya rufe ido, yatsunsa suna rawa a kan lasifikar, can sai ƙafarsa ta kama bugun daidai. Bai ɗauke hannu ba har fuskar farko ta ƙare, sannan ya yi wa Lawal alama ya juya kaset ɗin. Da aka zo kan nawa kuwa, na masu jita, ya daɗe da hannu a kai yana jira, sannan ya buɗe ido ɗaya.

"Sule, an kunna kuwa?"

Muka fashe da dariya, har da shi, har da hawaye. Sai ya ce tunda hannunsa bai kama komai ba, ni in faɗa masa abin da ke ciki. Na matso kusa da kunnensa na dama ina ɗaga murya, ina ba shi labarin waƙa bayan waƙa, yana katse ni yana musu. Ban taɓa kare wani abu da nake so kamar ranar ba, kuma ban taɓa fahimtar dalilin da ya sa nake son sa ba sai da na yi masa bayani. Kiran sallar la'asar ne ya raba mu, ba a gama ba.

Bayan 'yan watanni ya koma Funtuwa, ya buɗe ƙaramin shagon gyara. Bai cika shekara biyu a gida ba Allah ya karɓi abinsa bayan gajeriyar jinya. Ina Riyad labarin ya same ni, kuma na daɗe ban iya kunna rediyo ba.

Ni da Lawal mun daɗe da dawowa gida, amma an ce Riyad ɗin da muka sani ta sauya ƙwarai. Inda muke rage murya saboda bango, yau ana taron kiɗa a fili, mutane cike. 'Yarsa Zainabu, wadda take ƙarama lokacin da ya rasu, yanzu ma'aikaciyar jinya ce a can Riyad ɗin. Bara ta nemi lambata ta kira ni, ta ce ba ta san mahaifinta sosai ba, a gida abin da ake faɗa kawai shi ne mutum ne mai haƙuri da ba ya ji sosai. Na ce mata haƙuri kam akwai, amma ban taɓa ganin mai son musu kamarsa ba. Na ba ta labarin ɗakin Malaz tun daga farko. Ta yi dariya ta ce, "Kawu Sule, ashe a wurinsa na gado. Abokan aikina har gudu na suke yi."

Bai bar gida mai bene ba, kaset-kaset ɗinsa ma zafi ya lalata su tuntuni. Abin da ya bari shi ne hali. Daga wurinsa na koyi cewa ana iya saɓa wa mutum iyakar ƙarfi, hannu yana cikin faranti ɗaya da nasa. Da wannan halin nake zaune da 'ya'yana da maƙwabtana har yau, kuma bai taɓa ba ni kunya ba.

Zainabu ta ce bana za ta zo hutu, kuma tana so in kai ta wurin Lawal a Kaduna, ta ji sauran labarin daga bakinsa. Na riga na gaya masa ya shirya, don baƙuwar ba mai saurin yarda ba ce.

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya haskaka makwancinsa.