Itacen da Suka Bar Mini

Mun tsufa tare da maigidana, na yafe masa abubuwa da yawa, amma maganar kurmin bayan unguwar Vedoko ban yafe ba, kuma ya sani.

Lokacin juyin juya hali ne, muna zaune a Zongon Kwatano. 'Yarmu ta fari tana fama da asma. Da damina ta sauka, danshin teku ya cika ɗaki, sai ƙirjinta ya kama ƙugi. Asibiti mun je har mun gaji, magani yau akwai gobe babu. Abin da ya riƙe mini ita ganyen wani ɗan itace ne, tsayinsa bai wuce ƙuguna ba. In na dafa ta yi surace, sai numfashinta ya sauka.

Itacen yana cikin wani ɗan kurmi da gonaki da gidaje suka yi wa zobe. Bai fi filin ƙwallo ba, amma abin da ke cikinsa ya fi ƙarfin ido: manyan itatuwa da suka tare rana, igiyoyi na lilo daga sama, ganye mai ƙamshin citta, wani mai gashi, wani mai jan ciki. Yawancinsu ban san sunansu da Hausa ba, domin babu su a ƙasarmu. 'Yan ƙasa ke bauta a wurin, wata tsohuwa ke kula da shi. Dokarta biyu ce, ba a shiga da ƙarfe, ba a tumɓuke saiwa. Ni Musulma ce, ganye ya kai ni, ita ma ba ta taɓa neman in rusuna wa komai ba.

Sai gwamnati ta ce za ta yaƙi maita da tsafi. Wakilin unguwar, wanda ake ce wa delege, ya tara mutanensa su sare kurmin, kowa ya naɗe hannu ya ƙi. Shi ne ya taho Zongo, ya hure wa mazanmu kunne, wai su ne jarumawan da ba sa tsoron iskoki. Ai kuwa kansu ya kumbura. Maigidana mai sayar da yadi, wanda rabonsa da fartanya tun yana saurayi, har da aro gatari.

Na ce, "Malam, maganin yarinyar ga can shike fa."

Ya ce, "Kwantar da hankalinki, na gaya ma delege, itacenki ba mai taɓa shi. A gida in muka share gona, ba mukan bar ɗorawa da kaɗanya ba?"

Kuma sun cika alkawari, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sun kwantar da komai, suka cinna wa rassa wuta, suka bar itacena tilo a tsakiyar fili, har da ɗaura masa ƙyalle da share masa gindi. Maigida ya dawo hannu duk kanta, yana jiran godiya. Mutanen da suka tashi inda kowace bishiya ke tsaye ita kaɗai cikin rana, ina za su san akwai itacen da a inuwar wasu yake rayuwa? Ba su sani ba, kuma ba wanda ya tambaya.

Da na je, tsohuwar na zaune kan kututture. Na gaishe ta, ta dube ni, ta kau da kai. Ban ga laifinta ba.

Na kafa wa itacen rumfar tabarma, na riƙa ɗauko masa ruwa a kai. Ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa, ya nannaɗe, ya zube. Na bi masu magani daga unguwar Zogbo har kasuwar Sainte-Rita, duk wadda na kwatanta wa sai ta ce su ma can suke samowa.

Damina ta sake zagayowa, yarinya ta kai ba ta iya ƙarasa kalma sai ta huta. Surukata ta aiko daga arewa, a kai mata jikarta inda iska ta bushe, kafin mu kashe ta. Ni na raka ta tashar jirgin ƙasa, na ɗaura mata kallabi, na miƙa ta ta taga ga ƙanwar ubanta da ta zo ɗaukarta.

Ta rayu, alhamdu lillahi. Amma a can ta girma, a can aka aurar da ita. Ranar bikin na shiga ɗaki, ta durƙusa ta gaishe ni da ladabi, sannan ta juya wajen ƙanwar ubanta da ta raine ta, ta ce, "Inna, a kawo wa baƙuwa ruwa."