Hannun Malam Abdulmumin

Baba Mato yana da shekara tamanin da 'yan kai, kuma shi kaɗai ya rage a ƙauyensu, can gefen Deule, cikin waɗanda suka yi salla a bayan Malam Abdulmumin. Iyakar sarautarsa ke nan. Shi da bakinsa yake cewa bai same ta da ilimi ba, ya same ta ne da ƙin mutuwa.

Ubansa Azna ne, mai yanka baƙin bunsuru a gindin dutse kafin shuka. Malam Abdulmumin ya zo garin zamanin Faransawa, ya hana yankan, ya hana tauye mudu, ya sa aka ba mata gadon gona. Da ya yi wa'azi a kan ɗibar mutane aikin tilas, kumandan, Baturen mulki, ya aiko gardawa, dogaransa, suka tafi da shi fasa dutsen hanya. Bayan ya komo ne uban Mato ya musulunta, ya miƙa masa yaron. Mato ya daɗe gaban allo, amma bai wuce izu biyu ba.

"Malam ya juya gari guda," in ji shi, "kaina ne kawai ya gagare shi."

Ya yi noman hatsi da dawa, ya yi ɗaukar dutse lokacin aikin gyaran ƙasa na Keita, ya tsufa ba wanda ya taɓa tambayarsa fatawa. Sai bara.

Samarin da suka yi karatu a waje suka komo suna salla da hannuwa a ƙirji. Dattawa kuwa suna sakin nasu, kamar yadda suka taso suka gani. Liman Lurwanu ya ce haka Malam yake yi. Tasi'u, jagoran samarin, jikan Mato ne, ya ce mai gyara irin Malam ba zai saki hannu ba. Magana ta yi tsami har samari suka sauke tubalan siminti a bakin gari don gina nasu masallacin Juma'a. Garin da sahu huɗu ke cinye mazansa zai rabu biyu. Aka ce to, a tambayi wanda ya gani.

Matarsa Fatsima ta yi dariya har ta aje muciya.

"Kai za a tambaya? Kai da ba ka tuna inda ka aje hularka?"

"Tana kaina."

"Yau dai."

Aka taru a ƙofar masallaci bayan la'asar. Aka shimfiɗa masa tabarma a gaba, inda bai taɓa zama ba.

"Baba, mi kag gani?" in ji Liman. "Faɗi tsakaninka da Allah."

"Allah gafarta Malam, ni dai duga-dugai na fi gani, don sahun baya nike. Amma hannu na gan shi. Wajen fasa dutse aka karya mishi na dama, ya ɗore a karkace. Kullum yana nan manne a ƙirji, ko tuwo da hagu shika ci."

Tasi'u ya yi murmushi. "Kun ji ko? A ƙirji."

"Na hagun fa?" in ji Liman.

"A sake."

"Alhamdu lillahi! Mai lafiyar shi ne hujja."

"Sai in ana sanyi," in ji Mato. "Ran nan karayar na tashi, sai ya kai na hagun ya tallafe."

Wani daga baya ya tambaya ko yau sanyi ake ko zafi, wurin ya ɗauki dariya. Tasi'u bai yi ba.

"Kaka, wasa ka maida mu?"

"Yo ni na karya hannun? Ka tafi ka tambayi kumandan. Abin da na sani, ɗan nan, a bayan Malam akwai masu kamawa, fatake da ke zuwa daga gabas, akwai masu saki. Ban taɓa ganin ya dubi hannun kowa ba. Ƙafa shika dubi. In diddigenka ya fita sahu, sanda ce. Nawa ya sha ta fi na kowa."

Aka watse ba a yanke komai ba. Liman ya ce tsufa ya taɓa shi. Samari suka ce shaidar jahili ba ta kafa hukunci, Mato kuwa ya ce wannan ita ce magana ta farko da ya yarda da su a kanta. Tubalan suna nan inda aka sauke su, awaki na hawa. Ba a fara gini ba, ba a kuma ce an fasa ba.

Juma'ar da ta wuce, wasu samarin sun tafi Bouza a kan babura don su yi salla can. Tasi'u bai bi su ba. Ya shigo a makare, ya tsaya a ƙarshen sahu na biyu, kafaɗarsa na gogar ta wani dattijo. Da aka ta da iƙama, Mato ya fito daga wurinsa da sandarsa, ya bi bayan sahun yana ƙwanƙwasar diddigen da ya fita, na tsoho da na yaro, har na jikansa. Kafin ya lallaɓa ya komo wurinsa liman ya ɗago daga ruku'u, sai da ya rama raka'a guda.