Jan Waya da Ƙyallayen Zanena

Motar tana nan har yau a gindin mangwaro, ƙofar gidanmu a unguwar Komah, cikin Sokodé. Mai wucewa zai ga tsohuwar mota mai dogon baya, fentinta ya koɗe, ya ce wannan ai ta gama aiki. Ba ta gama ba. Duk sati tana kai ni Kparatao in ɗauko doya. Abin da ya ƙare a jikinta daban ne, kuma shi nake so a rubuta mini, tunda ni ban yi makaranta ba, baki kawai Allah ya ba ni.

Malam, maigidana, Allah ya jiƙansa, direba ne. Shekara da shekaru yana bin hanyar Sokodé zuwa Dapaong da motar nan, fasinja a ciki, kaya a sama. Wata shekara yana dawowa daga Blitta da lodin doya, wuta ta tashi a ƙarƙashin kapo, murfin nan na injin. Suka kashe ta da ƙasa. Injin bai yi komai ba, amma wayoyin duk sun narke sun manne da juna kamar taliyar da ta kwana a tukunya. Malam ya zaga kasuwa bai samu ba sai naɗi guda na waya, launi ɗaya, ja. Ya zauna a kan benci ya zuba wa naɗin ido, ya ce, "In na haɗa su duka ja, gobe ni kaina ba zan gane ta fitila da ta hon ba."

Na ce ya jira. Na shiga ɗaki na ɗauko kwallar da nake tara ragowar yadin da tela ke dawo mini da shi.

Kwana uku muka yi a gaban motar. Ya ja waya daga nan zuwa can, ya faɗi aikinta, ni kuma in yagi ƙyalle in ƙulla mata. Kore mai zanen ganye, ta fitilar dama. Shuɗi, ta hon. Rawaya mai ɗigo-ɗigo, wanda na ɗaura ranar sunan autata, ita ce mai tada injin. Ƙyalle ashirin cif. Na ƙarshe fari ne, daga tsohon mayafina. Shi muka ɗaura wa mas, wayar da ke haɗa wuta da jikin mota. Mas biyu ne a motar. Ɗaya kowa na gani. Ɗayan Malam ne ya ƙara da kansa bayan gobarar, ya bi da shi ta ƙarƙashin mazaunin batir, inda ido ba ya kaiwa, kuma shi ne mai farin ƙyallen. Duk damina sai ya ɗaga batir ya kankare tsatsar wurin da wuƙa.

Tun daga ranar na san motar nan. Ban iya tuƙi ba, ban taɓa sha'awa ba ma. Amma bayan rasuwar Malam, da na ɗauki direba, in ta yi gardama a hanya ni ce mai sauka. A buɗe kapo, in tsaya da mayafina, in ce, "Taɓa mai rawayan can." Ya taɓa, ta tashi. Makanikan unguwarmu sukan ce, "Hajiya, yaushe za ki buɗe garaji mu zo koyo?" In ce musu ba na ɗaukar malalata. Su yi dariya, amma ba wanda ya taɓa yi mini musu a kan wayar motar nan.

Yanzu sai in kawo ɗana na fari. Ma'aikacin ofis ne a Dapaong, da matarsa da 'ya'yansa, har furfura ta fara fito masa. Mu yadda aka rene mu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi ido cikin ido, ba ta yi masa faɗa a gaban mutane. Kunya ce, ba rashin so ba. Tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita bakina ba. In ina son wani abu a wurinsa, sai in faɗa wa ƙanwarsa, yana zaune yana ji. "Mutumin Dapaong" nake ce masa. Ya san haka sarai, kuma ya san abin da ba zan iya tambayarsa ba.

Babbar Sallah ta bara ya zo gida. Lokacin motar ta fara wani hali, in ta faɗa rami sai ta mutu, sai an jijjiga ta sannan ta tashi. Na san farin ƙyalle ne. Niyyata bayan Sallah in sa direba ya ɗaga batir. Sai ɗan nawa ya buɗe kapo bayan an gama aikin nama, ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu.

"Mma, wannan injin ne ko igiyar shanya? Wata rana tsumman nan za su kama wuta da ke a ciki. Ina da mai gyaran waya a Dapaong, gwani ne. Bari in tafi da ita, sati biyu in dawo miki da ita."

Na juya wurin ƙanwarsa na ce, "Gaya wa yayanki a gyara abin da ya lalace, amma kada a taɓa ƙyallayen."

Ya ce, "Ba wanda zai taɓa su, Mma. Na yi miki alkawari." Sannan ya ce a ba shi takardun mota saboda jandarma a hanya. Na buɗe adaka na ba ƙanwarsa, ta miƙa masa. Har soyayyen nama na sa aka cika masa roba.

Sati biyu ya zama wata. Wata ya kusa zama biyu. Ina hawa babur zuwa Kparatao kamar sabuwar 'yar talla, doyata tana biyo ni a motar wasu. In ƙanwarsa ta buga masa waya, sai ya ce ana kan aiki. Ni kuwa ba zan karɓi wayar in ce ina motata ba.

Wata ƙawata mai kawo albasa daga arewa ce ta zo gaishe ni. Muna cikin hira ta ce, "Ashe kin rabu da motar Malam? Na gan ta a garaji can Dapaong an wanke ta fes, wani Alhaji mai fataucin shanu yana zagaya ta. Aka ce jiran ta tashi kawai yake yi. Allah ya sanya alheri." Na ce amin. Na ƙara mata ruwa, na raka ta har bakin titi. Ba ta ga komai a fuskata ba.

Washegari da safe na shiga motar haya. Kara, Kanté, Mango, duk na wuce su ban sayi ko ruwan leda ba. Ban je gidan ɗana ba. Na sa mai babur ya kai ni garajin da ƙawata ta kwatanta.

Tana can a tsakanin gawarwakin motoci, kaponta a buɗe. Mutum uku a gabanta: mai gyaran waya, wani dattijo mai babbar riga da na gane shi ne Alhajin, da ɗana. Na matsa na leƙa.

Ba zan yi wa mai aikin ƙarya ba, aikinsa ya yi kyau. An wanke injin har yana ƙyalli. Wayoyin da ke warwatse an tattara su, an naɗe da baƙin skoc, salatif ɗin nan na masu gyaran waya, an bi da su gefe-gefe an ɗaure, kamar kitson amarya. Ban taɓa ganin cikin motar nan da tsabta haka ba. Ƙyalle kuwa ko ɗaya babu. Na tsaya ina kallo kamar na leƙa motar wani.

Mai gyaran, ɗan ƙabilar Moba ne mai fara'a, bai san ko ni wace ce ba. Ya ce, "Mama, kin ga aiki? Da kin zo da farko, tsumma ne ko'ina. Patron, maigidan da ya kawo motar, ya ce in cire duka, wai mai saye zai ɗauka asiri ne aka ɗaɗɗaura."

"Ina ka kai su?"

Ya nuna wani gwangwani a gefe. Suna ciki, baƙi ƙirin, da su yake goge hannu. Na hango rawayan.

"Amma motar nan ya ba ni wahala," in ji shi. "Na naɗe kafin in bi kowace waya, duka ja ne. Kwana nawa ina nema. Ya tashi, ya mutu. Ya tashi, ya mutu."

Ɗana yana can yana magana da dattijon, da ya juyo ya gan ni ya ɗan daburce, amma bai daɗe ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya juya wurin dattijon ya ce, "Alhaji, mahaifiyata ce. Allah ne ya kawo ta, ita ta san motar nan kamar tafin hannunta." Sannan ya matso ya rage murya. "Mma, don Allah wacce ce? Alhaji ya gaji da zirga-zirga. Na so in gama sannan in zo in yi miki bayani. Don hutunki nake yi, shekarunki sun wuce yawon doya. Kuma ai motar gado ce, mu ma muna da rabo a ciki."

Rabo yana da shi, wannan ban musa ba. Da ya zo Komah ya zauna a tabarma ya faɗa, ko ta bakin ƙanwarsa, da an yi magana irin ta mutane. Abin da ya ɓata mini rai shi ne, ya ga uwarsa ta yi tafiyar yini a motar haya, ƙafa a kumbure, sai ya ji daɗi don an samu mai nuna waya. Kuma ya lissafa daidai: ga baƙo, ga mai aiki, ba ƙanwarsa a kusa da zan aika da magana. Ya san zan nuna in yi shiru.

In na nuna, ta tashi, Alhaji ya tafi da ita. In na ƙi, ta zauna nan ta ruɓe da sauran, a riƙa cire mata ƙofa da madubi ana sayarwa.

Na ce wa mai gyaran, "Ɗaga batir."

"Mama, na duba mas, na kankare."

"Ka duba na masana'anta. Ɗaga batir."

Ya kwance, ya ɗaga. Farin ƙyallena yana nan a ƙasa, ya zama ruwan toka, ƙullin da na yi da hannuna bai kwance ba. Kan wayar ya ci tsatsa, yana lilo. Ya kankare, ya ɗaure, ya mai da batir, ya murɗa makulli. Ta tashi. Ya hau ya jijjiga ta da duk ƙarfinsa, ba ta mutu ba. Ya cire hula ya ce, "Mama, ni ne ɗan koyo."

Alhaji ya yi murmushi ya miƙa hannu zai karɓi makulli.

Sai na kira sunan ɗana. Sunansa na yanka, wanda liman ya faɗa ranar suna, wanda ban taɓa furtawa ba shekara hamsin da wani abu. Ban ɗaga murya ba. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Ka yi mini alkawari a gaban ƙanwarka, da naman Sallah a hannunka. Kawo takardun."

Ɗana ya tsaya kamar an watsa masa ruwan randa. Alhajin mutumin kirki ne, ya san abin da ya ji. Ya janye hannunsa ya ce, "Hajiya, ɗan fari ne?" Na ce shi ne. Ya ce, "Ban san da haka ba. Ki yafe mini." Ya gyara rigarsa ya fita daga garajin.

Ɗana ya miƙo mini takardun. Na roƙi mai gyaran gwangwanin ƙyallayen, ya juye mini a leda. Washegari na shiga gaba na zauna. Ɗana ne ya tuƙa mu har Sokodé. Ba ta mutu ko sau ɗaya ba. A Kara ya tambaya ko zan yi sallah.

Mutanen unguwa sun ce na yi nasara, mota ta dawo. To, ta dawo. Na wanke ƙyallayen da sabulu sau uku, na shanya, na sa direba ya yanke skoc ɗin in mai da kowa wurinsa. Da ya buɗe, ja ne duka. An yanke wasu, an canja wa wasu hanya. Sai a lokacin na gane ni ƙyalle na sani, Malam ne ya san waya. Ta hon na samu, don mun danna mun ji. Ta fitilar dama ma haka. Da farin da ke ƙasa, uku ke nan. Sha bakwai suna cikin kwalla.

Watan jiya ta tsaya mana a hanyar Kparatao da lodi. Direba ya buɗe kapo, ya ja gefe yana jirana kamar yadda ya saba. Na sauka, na gyara mayafi, na leƙa. Na daɗe ina kallo. Sannan na ce ya tsai da babur ya je ya kira makaniki, na koma inuwa na zauna a kan buhu da sauran matan da muka ɗauko a motar.

Ɗana yana zuwa gida, yana gaishe ni, yana kawo shinkafa. Yanzu ba na aika ƙanwarsa. In ina son abu, sunansa nake kira kai tsaye, kamar yadda nake kiran kowa. Ƙanwarsa ta ce ya yi mata kuka a kan haka, wai in koma yadda nake da. Na gwada. Bakin ya riga ya saba.