Yadda Muka Ɗauko wa Inna Anza

Gusau

Ana sallame sallar asuba na baro gidanmu a Damba, bokiti a hannun dama, dagi a kafaɗa. Mahaifiyata, Inna, ta tashi daga jinya abinci ba ya shigar mata, kuma kullum maganarta ɗaya: tana so ta ga anza a tsakar gidanta. Ga wanda bai sani ba, anza 'yar bishiya ce da ba ta cika wuce tsawon mutum ba, ganyenta kore ko a tsakiyar bazara, 'ya'yanta in sun nuna rawaya ne masu zaƙi, amma ƙwallon ciki ɗaci kamar maɗaci. Na zagaye masu sayar da dashe a Gusau, mangwaro da gwaiba kawai suke miƙo mini.

A tasha na tarar da ƙanen Inna, Kawu Ɗahiru, wanda ya rantse ya san inda anza take a Tsafe kamar yadda ya san aljihunsa. Ya sha babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure.

Sammakonmu bai amfane mu da komai ba. Direba ya ce ba ya motsawa sai rana ta fito jami'an tsaro sun buɗe hanya. Muka sha kunu da ƙosai, Kawu ya ci nasa ya taya ni nawa.

Tsafe

Tafiyar ba ta kai awa biyu ba, duk da shingaye. A ɗaya daga ciki wani soja ya leƙo ya ga dagi.

"Wa za ku binne?"

"Ranka ya daɗe, itace za mu haƙo," in ji Kawu, ya gyara zama zai fara tarihin anza tun daga kakanni. Sojan ya ɗaga wa direba hannu da sauri.

Da muka sauka, Kawu ya shige gaba, muka bi bayan kasuwa, muka tsallake wani kwalbati, ya tsaya ya nuna da sanda. Gidan buga bulo ne a wurin, injin yana ta ƙara.

"Kawu, yaushe rabonka da nan?"

"Ba a jima ba. Shekarar da aka haihe ka."

Ina da 'ya'ya huɗu.

Wata dattijuwa mai tuyar awara a bakin titi ta ji muna muhawara, ta ce anzar wajen nan duk an sare an yi gonaki, amma tana ganin 'ya'yanta wurin wata mai tallan nono da ke zuwa daga rugar wani Malam Buba, can bayan Bungudu. Wato mun yi gabas, abin yana yamma.

Gusau kuma, a ɓoye

Ba a zuwa Bungudu daga Tsafe sai an ratsa Gusau. Kawu ya ce in Inna ta ji ya koma gari da bokiti wayam, ba zai ƙara shan fura a gidanta da daɗi ba. Saboda haka tun daga shigowa gari ya ja babbar riga ya lulluɓe kansa. A inda muka canza mota wani maƙwabcinmu ya matso ya ce, "Lawali, wa ka ɗauko ba lafiya? A'a, Kawu Ɗahiru, ina wuni?" Takalmansa ya gane.

Bungudu

Mun isa bayan la'asar, masu babur suka ce ba su shiga daji da yamma. Muka sauka gidan Alhaji Mamman, abokin Kawu na ƙuruciya, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Tsofaffin nan biyu suka yi ta gardamar wanda ya fi sanin anza, har Alhaji ya ce ita ce mai ƙaya, Kawu ya ce ita ce mai jan fure. Duka biyun ba ita ba ce.

Washegari da hantsi babur biyu suka kai mu rugar. Malam Buba dogo ne, ba ya son yawan magana. Ya dube mu, ya dubi dagi, ya kai mu bayan garke. Ga anza nan, guda uku a kan wani tsohon suri, kore shar, 'ya'ya sun yi rawaya.

Kawu ya zaɓi babbar, ya tuɓe riga ya karɓi dagi. Ya haƙa har gwiwa, saiwa ba ta ƙare ba. Na karɓa na haƙa har cinya, tana nan tana tafiya ƙasa abinta. Malam Buba yana tsugune yana kallo.

"Malam Buba, wagga saiwa ina ta nuhwa?" Kawu ya tambaya yana haki.

"Wurin ruwa. Ni ma na taɓa bin ta, ban iske ƙarshe ba."

Muka mayar da ƙasa muka ba bishiya haƙuri. Ya nuna mana wata 'yar ƙarama da ta tsiro a gefe, muka ɗebo ta da ƙasarta cikin bokiti. Matarsa ta ƙulle mana nunannun 'ya'ya a leda, ta ce mu shuka ƙwallon da wuri tun bai bushe ba, kuma kada a dame ta da ban ruwa.

A shingen shiga Gusau wani ɗan sanda ya ga ledar, ya ɗauki ɗaya ya jefa baki. Kawu ya buɗe baki zai gargaɗe shi, sai muka ji ƙarar ƙwallo a haƙori. Bawan Allah ya juya baya yana tofarwa, yana yi mana alama da hannu mu tafi, mu yi nisa.

Gida

Inna tana kan tabarma muka shiga. Ta murza ganye ɗaya ta shinshina, ta tsotsi ɗa ɗaya, sannan da gangan ta ɗan gatsi ƙwallon. Fuskarta ta yamutse, ta tofar, ta yi dariya har da hawaye.

"Ita ce, ba ta sake hali ba," in ji ta. "Shekarar yunwa uwarmu ita take jiƙawa kwana da kwanaki, tana zubar da ruwan, ta dafa muna. Muna ci muna zaginta, kuma ita ta raya mu. Kai Ɗahiru kana goye, ba ka san komai ba."

Kawu ya shiga kakkaɓe ƙasa daga babbar rigarsa.

Muka dasa ta kusa da katanga, nesa da randa, muka zagaye ta da bulo saboda awaki. Inna ta sa aka matso mata da tabarma kusa, ta ce a zubo mata tuwo, kuma a cika kwanon.

Alhamdu lillahi da Ya kai mu Ya dawo da mu lafiya. Allah Ya saka wa Malam Buba da iyalinsa da Alhaji Mamman da mai awarar Tsafe. Ɗan sandan nan kuma, Allah Ya ba shi haƙuri.