Sunan da Na Sa wa Sale a Kasuwar Ajingi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Sale makwancinsa a Balan, kuma har yau ban faɗa wa kowa hannun da nake da shi a mutuwarsa ba. Kunya ce ta rufe min baki.

Sale ɗan gwaggona ne, wato taubashina. Kowa ya san wasan taubasai: ka yaɓa masa magana, ya rama, a yi dariya. Ni kuwa bakina ba shi da linzami. Dako yake yi a kasuwar Ajingi, buhun gyaɗa shi kaɗai yake ɗagawa, ga tari da ya daɗe yana fama da shi. Sai kumburi ya fito masa a matsematsi, in ya miƙe ya leƙo, in ya kwanta ya koma. Ni ya fara nuna wa, a bayan rumfar masu awo.

"Ɗan'uwa, ko in je Gaya likita ya duba ni?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Me na yi? Na fito gaban 'yan dako na ce, "Jama'a, ku gai da Mai Tulu, gwaiwa ta sauka!" Aka bushe da dariya. Shi ma ya yi, don taubashi ba ya fushi. Sunan ya bi shi, shi kuma bai ƙara zancen asibiti ba. Ya koma ɗaure mara da tsohon rawani, ya ci gaba da ɗaukar buhu, don kada a ce abin ya kayar da shi.

Wata rana kumburin ya fito ya ƙi komawa, ya yi tauri, amai ya biyo baya. Kwana biyu yana ce wa matarsa Hajara ciwon ciki ne. Kafin mu isa da shi Kano hanjinsa ya riga ya mutu. Likita ya yi min bayani cewa hanji ne ke kutsawa ta inda naman ciki ya yi rauni. Wani da raunin aka haife shi, wani nauyi ne ko tari ko yunƙurin bayan gida ke buɗa shi. Gwaiwa takan fito a cibiya ma, ko a tsohon ɗinki, har mata na samu. Ya ce da an zo tun tana komawa, ƙaramin aiki ne. Sannan ya tambaya, "Ba wanda ya nuna wa?" Na ce babu.

Yanzu 'yan dakon Ajingi a fili suke zancen wanda aka yi wa aiki ya warke, ba mai dariya. Da Sale zai gani, na san cewa zai yi ashe abin bai kai a mutu a kansa ba.

Abin da ya rage nasa shi ne rufin asirin da ya yi min, don bai taɓa faɗa wa iyalinsa na sani ba. Shi ya sa duk kaka Hajara ke aiko min da kwanon gyaɗa, wai ni na tsaya masa ranar wuya. Sau goma sha ɗaya ina karɓa, ina ci. Gobe zan hau babur zuwa Balan in faɗa mata da bakina, kafin wani ya karanta mata wannan rubutun.

Allah Ya jiƙan Sale.