Saƙin Inna

Tun muna yara Inna ta tanadi likkafaninta. Farin saƙi ne irin na da, ita ta kaɗa zaren da hannunta a Damagaram, kafin Baba ya kwaso mu zuwa Diffa ya buɗe shago. Bayan kowace damina takan fito da shi daga akwatin ƙarfe, ta shanya, ta ninke ta mayar. In muka ce ta daina kira wa kanta mutuwa, sai ta harare mu ta ce, "A wannan za ku sa ni. Kun dai ji."

Mun ji. Yayana ma ya ji, da kunnuwansa biyu.

Ranar da ta rasu ina Shatimari gidan mijina, ana tsakiyar tsinkar tattasai. Kafin in sami mota in iso, an yi mata sutura an kai ta. Wannan bai ɓata mini rai ba, ba a ajiye gawa don jiran kowa. Sai tsohuwar maƙwabciyarmu, Babarbariya, wadda ta yi mata wanka, ta ja ni gefe.

"Ƴata, na miƙa saƙin, yayanki ya hana."

Wai saƙin ya yi ja, wai ya tsufa. Wai mutanen biro, abokan aikinsa na ofis, za su zo jana'iza su ga an naɗe uwar babban ma'aikaci a tsumma. Tsumma! Ya aika kasuwa aka yanko alawayyo, tela ya zuga shi a keke. Dattawan unguwa da suka zo da allurarsu don su ɗinka mata da hannu, kamar yadda aka saba, haka suka tashi ba su ja ko zare ba.

Ban san lokacin da na keta cikin maza a ƙofar gida ba. Yayana yana zaune cikin abokan aikinsa, yana amsa gaisuwa da murya ƙasa-ƙasa kamar mutumin kirki.

"Yaya, ina saƙin Inna?"

Sama ya duba. Na bi idonsa. Ashe rumfar makoki ba ta ishi baƙi ba, sai aka ɗaure saƙin tsakanin bishiyar bedi da katanga, yana yi musu inuwa.

Na hau kujera na kwance igiyar, rana ta sauko musu a ka.

"Ke, ba ki da hankali? Ga baƙi!"

"Su koma biro su sha inuwa," na ce, na wuce ciki da shi a ƙirjina.

Mata suka yi ta ba ni haƙuri, wai duk fari fari ne, ƙasa ce za ta ci. Na sani. Amma matar nan ba ta taɓa roƙon mu zane ko zobe ba, abu ɗaya ta roƙa. Saƙin yana wurina har yau, ita kuwa ba za a tono ta a sauya mata ba.