Ruwan Suna Kawai

Komai za ni manta a duniyar nan, ban da kwana taran da na hana mutanen ƙauye guda shan ruwa saboda kalmar Turanci ɗaya tak.

Lokacin ina malamin firamare a wani ɗan ƙauye tsakanin Kurawa da Sabon Birni, kuma ni kaɗai ne mai karanta Turanci a garin. Shekara ta biyu ke nan ana fari. Gero ya bushe a tsaye, rijiyoyi sun koma ramukan ƙasa. Mata na tafiyar rabin wuni zuwa gulbi su tona yashi, su dawo da ruwa kalar kunu. Ana cikin haka wasu masu haƙa suka zo da babbar mota, suka yi mana rijiyar burtsatse, suka kafa famfon tuƙa-tuƙa. Ruwa ya fito garau, mai sanyi. Har da masu kuka ranar.

Da za su tafi, injiniyansu ya bar wa maigari takardar rahoton aikin. Bayan kwana uku maigari ya tara dattawa a zaure, ya aiko a kira ni in karanta. Na fara fassara ina ƙasaita, har na kai layin ƙarshe. Yanayin famfo: nominal. Ƙarfin ruwa: nominal. Ban taɓa gamuwa da kalmar ba. Na koma gida na ɗauko ƙamus, na buɗe a gabansu don su ga ilimi ido da ido. Ƙamus ya ce: abin da yake na suna kawai, ba na haƙiƙa ba.

"Ranka ya daɗe," na ce, "takarda ta ce famfon na suna ne kawai. Ruwan ma na suna ne."

Sai wani tsoho, wanda ya yi fatauci har Maraɗi ana kuma jin maganarsa, ya buga sandarsa a ƙasa. "Ni dai na san da wata! Tun da munka fara shan ruwan ga, in na sha da safe, kafin azahar ƙishirwa ta dawo." Kowa ya ce wallahi shi ma haka. A tsakiyar bazara fa, a shekarar fari! Amma ba wanda ya yi dariya. Wani ya ce ya lura tuwon da aka tuƙa da shi ba ya riƙe ciki. Wani ya tambaya ko alwalar da aka yi da ruwan suna ta yi, aka shafe awa guda ana gardama.

Maigari ya yanke hukunci: an yaudare mu. Aka ɗaure hannun famfon da igiya, aka kewaye shi da ƙaya, mata suka koma hanyar gulbi.

Matata ce kaɗai ta ja da ni. "Malam, tulun da na ɗebo jiya wuyana ya shaida nauyinai. Suna na da nauyi?" Na ce mata ita da ba ta shiga aji ba ta bar abin da ya fi ƙarfinta. Har yau in na tuna amsar nan sai in ji kamar in nutse.

Rana ta huɗu Arɗo, shugaban makiyayan da ke bayan gari, ya zo ya janye ƙayar, ya kwance igiyar, ya cika kwami ya shayar da shanunsa. Aka gaya masa abin da takarda ta ce. Ya ce, "Shanuna ba su yi boko ba." Muka tsaya muna kallon shanu suna zuƙar ruwa, muna tausaya musu. Kullum sai ya dawo, in ya tafi a mayar da igiya da ƙaya. Da suka fara murmurewa, tsohon nan ya ce ƙibar suna ce, a jira a gani.

Abin ya daina zama wasa rana ta takwas. Maƙwabciyata, mai ciki wata bakwai, ta yanke jiki ta faɗi a hanyar gulbi, tulunta ya fashe. A kan amalanke aka dawo da ita, leɓɓanta duk sun tsage. Matata ba ta tambayi kowa ba, ta tsallake ƙayar, ta kwance igiyar, ta tuƙo ruwa ta ba ta. Matar ta farfaɗo. Na tsaya a ƙofar gida da ƙamus a hammata ina kallo.

Washegari maigari ya ce mu je Sabon Birni, inda masu haƙar suka sauka, mu nemi injiniyan ya faɗa mana dalilin wannan cuta. Muka same shi a masaukinsu. Na ajiye takardar a gabansa, na ɗora ƙamus a kai, na nuna masa kalmar. Ya fara dariya har da riƙe ciki. Da ya ji kwana nawa famfon ya yi a ɗaure, sai dariyar ta ɗauke.

Ya ce ƙamus bai yi ƙarya ba. In an ce shugaba nominal ne, to na suna ne, wani ke juya shi. In an ce farashi nominal ne, ɗan kaɗan ne don kar a ce kyauta. Amma a bakin masu aikin inji, ma'anarta komai na tafiya daidai yadda aka tsara. "Wato lafiya lau, Malam," ya ce. Sannan ya dube ni. "Da kuka tuƙa, ruwa ya fito?" Na ce ya fito. "Yana jiƙa hannu?" Na ce yana jiƙawa.

Da muka dawo gida maigari ya sa aka tara gari, maza da mata, ya ce da bakin da na ɗaure famfon da shi za ni kwance shi. Na tsaya na ce ruwa na gaske ne, kuskuren nawa ne. Mata suka sa ni na tuƙa musu famfon har magariba, suna jera tuluna, kowace ta zo sai ta ce, "Malam, a cika mini da suna." Tsohon nan kuwa har ya rasu bai yarda ba, jikokinsa na ɗebo masa na gulbi.

Allah ya sa maƙwabciyata ta haihu lafiya, da ban san yadda za ni ɗauki wannan nauyi ba. Tun daga ranar na koyi cewa kalma ɗaya na iya canza ma'ana gwargwadon bakin da ta fito. Na kuma koyi cewa "ban sani ba, bari in tambaya" ba ta rage wa malami komai. Da na furta ta a zauren nan, da babu macen da ta sake taka hanyar gulbi.